Azumin da Aka Sayar da Robi

Azumin bana ya same mu a ƙarshen sanyi. Da safe in na leƙa ta tagar kicin a nan Mitchellville, a Amurka, sai in ga ciyawa ta yi fari da raɓar da ta daskare, kuma kafin mutum ya ji wata yunwa ta kirki rana ta faɗi. Shekaranjiya 'yata Asma'u ta dawo daga wurin aiki ta zube a kujera tana cewa ƙishirwa za ta kashe ta. Na tambaye ta da Hausa, ta amsa da Turanci kamar kullum. Na yi dariya kawai, domin hankalina ya riga ya tafi wani azumin, na farkon shekarun tamanin, wanda ya faɗo cikin watan Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai wajen tara saura.

A lokacin ina ɗalibi, na zo daga Zariya karatun injiniya. Abin da ake aiko mana daga gida ya tsaya cak, kowa ya shiga neman abin da zai riƙe kansa. Ina zaune a Annandale, a ciki da falo a saman bene, daf da rufi, ni da Bitrus, mutumin Kagoro, wanda ke karatun haɗa magunguna. Shi Kirista, ni Musulmi, tukunyarmu ɗaya. Na'urar sanyaya ɗakin ta mutu tun kafin mu tare, sai fanka ɗaya mai juya kai, ta ɗan hura shi ta ɗan hura ni.

Bitrus ne ya samo mana aikin hutu a wurin Kolin. Kolin mutumin Ostareliya ne, dogo, ja, hancinsa kullum a saɓule saboda rana. Aure ya kawo shi Amurka, auren ya mutu, shi kuma ya zauna. Yana da tsohuwar a-kori-kura, da injinan yankan ciyawa, da zarto mai inji. Mukan bi gida-gida mu yanke ciyawa, mu daidaita shinge, mu sare reshen da ya wuce iyaka. Yawancin gidajen na 'yan ƙasarsu ne da aiki ya kawo Washington.

Kayan aikin duka a garejin wata tsohuwa yake ajiye su, Misis Dorin. Ita ma daga can take, unguwa ɗaya da su Kolin a birnin Melbon. Ta auri sojan Amurka a lokacin yaƙin duniya, ta biyo shi a jirgin ruwa da ƙuruciyarta, ya rasu ya bar ta a babban gida mai faffaɗan fili. Gajeriya ce mai farin gashi, muryarta ta fi jikinta girma. Ranar farko na ce mata Mama, ta ce ita ba ta haife ni ba. Na ce haka muke kiran manya a wurinmu. Ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta ce to in ci gaba, amma kada in sa ran gado.

Ita ce ta ba ni wani lungu a bayan gidan, ranar da ta ga ina murza ƙasar wurin da yatsa. A watan Mayu na kafta shi, na shuka kuɓewa da yakuwa da alayyafo daga irin da innata ta ƙulle min a tsumma da zan taho, na ƙara da tumatir. Yanzu shagunan 'yan Afirka sun cika ko'ina, daga nan zuwa Greenbelt babu abin da za ka nema ka rasa. A wancan lokacin, in kana marmarin yakuwa, sai dai ka shuka.

Kowace Lahadi da yamma 'yan ƙasarsu sukan taru a falonta su kalli ƙwallon ƙasarsu. Wani ma'aikacin jirgin sama ke kawo kaset ɗin bidiyo. Wasan ya kwana biyu da yi, amma duk wanda ya san sakamako bai isa ya buɗe baki ba. Ranar da aka fara gayyatarmu, ni da Bitrus mun zaci faɗa ake yi. Ƙwallon mai siffar ƙwai, filin zagaye kamar faifai, ana bugawa da ƙafa ana naushi da hannu. Sai ka ga mutum ya taka bayan ɗan'uwansa ya hau kafaɗarsa ya cafke ƙwallo a sama, jama'a su ɗauki ihu, alƙalin wasa ko a jikinsa.

Wanda ya fi kowa iya wannan tsalle a kulob ɗin unguwarsu shi ne Robi, ƙanin Kolin uwa ɗaya uba ɗaya. Kulob ɗin na talakawa ne, ya daɗe rabonsa da kofi, Robi ne kaɗai abin tinƙahonsu. In ya tashi sama, Misis Dorin takan miƙe tsaye, da mayafin ulu mai kalar kulob ɗin a wuyanta cikin wannan zafi, ta yi ta kiran sunansa kamar yana jin ta.

Ana saura kwanaki a ga wata, kaset ya zo tare da jarida. A shafin baya an buga hoton Robi, an ce wani kulob mai kuɗi daga ɗaya gefen birnin yana cinikinsa. Dokarsu a lokacin ita ce ɗan wasa ba ya sauya kulob sai nasa ya sa hannu ya sake shi, kuma ana rufe wannan ƙofa a ƙarshen watan Yuni. Wato duk abin da za a yi, cikin azumin nan za a yi shi.

Ranar ba a kalli wasa ba. Falo ya kaure. Wani mai suna Giram, ma'aikacin banki, ya ce shugabannin kulob ne munafukai, su ke son rabuwa da yaron. Wata mata ta ce ƙanwarta ta faɗa mata a waya cewa mutane sun yi dafifi a ƙofar ofishin kulob, har da masu yawo da bokiti ana tara gudummawa don a riƙe shi. Magoya bayan wasu kulob ɗin kuwa suna gefe suna ƙunshe dariya. Bitrus ya raɗa min da Hausa, "Malam, yanzu mutum ake ciniki haka kamar sa a kara?" Na ce ya yi shiru.

Lahadin da ta biyo baya labari ya juya. Jarida ta ce Robi da kansa ya nemi a sake shi. Waɗanda suka yi yawo da bokiti su ne yanzu ke masa ihu a fili. Giram ya ce ɗansa ya cire hoton Robi daga bangon ɗakinsa ya jefa a shara. Misis Dorin ta kashe talabijin, ta juyo wurin Kolin.

"Ga waya can," ta ce. "Kira shi, ka ce ya zauna inda yake."

"Dorin, ba yaro ba ne. Yana da mata da 'ya'ya."

"Kai da bakinka ka faɗa min ubanku bai taɓa fashin zuwa filin nan ba. A kafaɗarsa Robi ya fara kallon wasa."

"Na sani, ai ina wurin." Fuskar Kolin ta ƙara ja. "Gwiwarsa ta kusa ƙarewa. In ya yi sa'a ya ƙara shekara biyu. Bayan nan wa zai ciyar da shi? Masu ihun?"

"Kana bayansa ke nan."

"Ƙanina ne."

Washegari, muna farkon azumi, muka zo ɗaukar kaya muka tarar da sabon kwaɗo a ƙofar gareji. Kolin ya ƙwanƙwasa gida, ta leƙo ta taga ta ce ranar da Robi ya fasa, ranar za ta buɗe. Bitrus ya ce ai da guduma ɗaya zai ɓalle kwaɗon nan. Kolin ya ce ba zai fasa ƙofar tsohuwa ba ko da zai kwana da yunwa. Da muka koma mota sai ya daki sitiyari, ya yi wa Robi zagi na ƙare dangi. A nan na gane shi ma ransa a ɓace yake da ƙanin nasa, bai ma kira shi ba tun da aka fara maganar. A gaban mutane ne kawai ba zai bari a taɓa shi ba.

A satin Giram da wasu gidaje suka ce sun sami wani mai yankan ciyawa. Kolin ya aro wani tsohon inji mai tari kamar mai asma, muka ci gaba da lallaɓawa da shi. Sannan ruwa ya ɗauke.

Zafin Zariya busasshe ne, in ka shiga inuwa ka tsira. Na nan jiƙaƙƙe ne, kamar an rufa maka bargon da aka tsoma a ruwan zafi, kuma inuwa ba ta maganinsa. Kullum sama takan yi fari, hadari ya haɗu can nesa da yamma, ya yi ta gunaguni ya watse. Kwalta ta yi laushi tana kama takalmi. Ciyawa ta koma kalar buhu, in ka taka sai ta yi ƙaras-ƙaras. Wanda ciyawarsa ba ta tsiro ba kuwa ba ya neman mai yanka. Muka koma kwasar shara daga indararo da ɗaukar kujerun masu ƙaura, wata rana ma mu wuni a zaune.

Gidanmu ya koma lissafin cokali. Da asuba Bitrus ke jin agogo kafin ni, sai ya zungure ni da ƙafa ya koma barci. In ɗumama tuwon jiya, wanda muke tuƙawa da garin alkama na kwali da Amurkawa ke damawa da safe, in sha ruwa har cikina ya riƙa ƙara in na motsa. Kukar da na zo da ita ta kusa ƙarewa, muna yayyafa ta a miya don a dai ji ƙamshi. Ba gero, ba tsamiya, sai in dama garin hatsinsu na karin kumallo in matse lemon tsami in kira shi kunu. Dabino kuwa ƙunshi ɗaya na samo a masallaci, nakan raba kowane gida biyu.

Daga azahar harshe yakan yi kauri. Zuwa la'asar in na sunkuya na ɗago sai in ga taurari. Bitrus bai taɓa shan ruwa a gabana ba, yakan zagaya bayan mota ya juya baya, ina jin maƙogwaronsa yana aiki, shi kuma yana zaton ban ji ba. Kolin da farko bai yarda ba. "Ko ruwa?" ya ce. "Ko ɗigo?" Daga baya, ba tare da ya ce komai ba, ya mayar da aikinmu sassafe, ya daina cin burodinsa a cikin mota.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne shukata. Wata rana bayan la'asar na taka da ƙafa har gidan Misis Dorin. Ta buɗe ƙofa kaɗan.

"Kolin ne ya aiko ka?"

"A'a, Mama. Kuɓewata ce ta aiko ni."

Ta yi kamar za ta yi murmushi ta fasa. Ta ce ni ba ruwana a rigimar, in wuce. Na tarar da ganyen kuɓewa ya yi laƙwas, alayyafo ya kwanta, ƙasa ta tsattsage. Na nufi tiyo, ta daka min tsawa. Ta ce a ƙasarsu, in fari ya zo, ba a wasa da ruwan famfo. Ta nuna min bokitai a jere a bakin kicin, ruwan wanke-wanke ne da na wanka da take tarawa don furanninta. Da su na yi ban-ruwa. Duk wanda bai taɓa zuba ruwa a busasshiyar ƙasa yana azumi ba, bai san ƙamshin ƙasa ba. Har jiri ya ɗebe ni.

Ta fito da kofi cike da ruwan lemo, ƙanƙara tana ƙara a ciki. Na yi godiya na ce sai rana ta faɗi. Ta tambaya, na yi mata bayani. Ta dubi kofin, ta dube ni, ta koma ciki da shi. Daga ranar, kullum in na zo sai in tarar da bokitai a cike, ita kuma ta zauna a kan matakala tana kallona tana magana.

A nan na ji abin da ke cinta. Ta ce tana yarinya, kowace Asabar babanta yakan riƙe hannunta, yayanta Firank yana gaba, su taka har filin. Firank ya tafi yaƙi bai dawo ba. Da ta koma gida ziyara bayan shekaru, an rushe gidansu, shagunan sun sauya, ba ta gane kowa a titi ba. Filin nan kaɗai ta samu yadda ta bar shi, har bencin da suke zama.

"In suka sayar da Robi, Tijjani, baɗi za su sayar da wani," ta ce. "Wata rana su sayar da filin. To ni ina zan ce na fito?"

Na ci gaba da zuba ruwa.

Wata rana Bitrus ya biyo ni don ya taya ni ɗaukar bokiti. Shi ba ya iya riƙe magana a ciki. Tana cikin faɗin cewa wanda ya bar unguwarsu saboda abin duniya maci amana ne, sai ya ajiye bokiti.

"Mama, ke ma ai kin bar unguwar. Kin bi inda rayuwa ta kai ki. Mu ma ga mu nan. Wa ya jefa hotonmu a shara?"

Ta miƙe a hankali, ta shiga gida, ta bugo ƙofa har taga ta girgiza. A hanya na yi ta yi masa faɗa, na ce ba a yi wa babba haka. Ya ce, "Malam, ƙarya na yi?" Na ce ba kowace gaskiya ce ake faɗa wa tsohuwa a ƙofar gidanta ba. Washegari na tarar da bokitan a cike, amma ba ta fito ba. Haka muka yi kwanaki, ni a lambu, ita a bayan labule.

A kwanakin ƙarshe na Yuni, wata yamma ina lambun ni kaɗai, iska ta tsaya cak, tsuntsaye suka yi tsit. Sama ta yi baƙi mai ratsin kore. Sai wata iska mai sanyi ta taso ta kwashe bokitan da babu komai ta watsa su a shinge. Kafin in kai ƙarƙashin rumfa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Aka yi wata tsawa, wuta ta ɗauke a unguwar gaba ɗaya, sannan na ji wata ƙara kamar an karya ƙashi. Wani ƙaton reshe ne daga itacen bayan gida ya faɗo a kan rufin kicin.

Na ruga ciki ba sallama. Tana tsaye a tsakiyar kicin, ba abin da ya same ta. Reshen ya huda rufi, ruwa yana zuba a kan teburin cin abinci kamar an buɗe famfo.

"Mama, bari in kira Kolin."

"Kada ka kira shi."

Na jawo tukwane na tara, suka cika nan da nan. Silin ya fara kumbura yana lotsawa. Ta tsaya tana kallon teburin, wanda ta taɓa ce min mijinta ne ya haɗa shi da hannunsa.

"Kira shi," ta ce. "Amma ka ce kai ne ka kira."

Kolin ya iso da Bitrus, tsawa ta yi nisa amma ruwa bai tsaya ba. Ya zagaya ya dubi reshen, ya dawo ya tsaya a gabanta ruwa yana bin hancinsa.

"Zarto yana gareji," ya ce.

Ta sa hannu a aljihun rigarta ta ciro makulli ta miƙa masa, ba ta dube shi ba.

Kolin ya hau rufi da zarto, Bitrus yana riƙe da tsani, ni ina ƙasa da igiya ina jan kowane gungume don kada ya faɗa wa taga. Ruwa yana bin fuskata, yana taruwa a leɓena, na datse baki gam don kada ɗigo ya wuce. Jikina kuwa sha yake yi ta ko'ina. Rabon da in ji sanyi irin wannan tun kafin azumi. Bitrus ya ɗaga kai sama ya buɗe baki, sai ya tuna da ni ya rufe, muka fashe da dariya. Muka shimfiɗa tampol a kan ramin, muka danne da guntayen itacen.

Gari ya yi duhu da hadari, ban san inda rana take ba. Muna cikin tattara kaya sai ta leƙo. "Tijjani, lokaci ya yi." Ashe ta daɗe da lura da lokacin da nake barin gidanta don in cimma buɗa-baki, tana ta duban agogon bango. Ta kunna kyandir. Ta ba ni ruwa da ragowar ƙanƙarar da ke narkewa a firji, da 'ya'yan itace na gwangwani, da burodi da ta shafa wa wani baƙin abu mai gishiri da suke ci a ƙasarsu. Na gutsura, na ji kamar daddawa. Na cinye na nemi ƙari, ta ce ni ne baƙo na farko da bai tofar ba.

Da na idar da sallah a falo na dawo, na tarar Kolin yana duban agogo. A Melbon gari ya riga ya waye, kuma ranar ce ta ƙarshe kafin a rufe ƙofar sauya kulob. Misis Dorin ta tura masa wayar a kan tebur.

"Kira daga nan. Ni ma ina so in ji."

Mahaifiyarsu ya kira. Muna jin muryarta siririya daga nesa, ba mu jin kalmomin. Kolin ya ce, "An sa hannu." Misis Dorin ta rufe ido. Sai kuma fuskar Kolin ta sauya, ya miƙe tsaye. Ya rufe bakin wayar da hannu ya ce wasu sun zo gidan mahaifiyar tasu sun rubuta "maci amana" da fenti a katangarta, sun ƙona rigar wasan Robi a ƙofar gida. Tun lokacin ba ta iya fita ko shago ba.

"Ba ni wayar nan," in ji Misis Dorin.

Ta karɓa ta faɗi sunanta, da sunan gidansu na haihuwa, da titinsu. Can aka yi wata 'yar ƙara. Ashe makarantar firamare ɗaya suka yi, aji ne ba ɗaya ba.

"Saurara," ta ce. "Ni har in mutu ba zan yafe wa ɗanki ba. Amma mu ba mu taɓa zuwa ƙofar uwar wani ba. Waɗannan ba 'yan unguwarmu ba ne, ko da a can aka binne cibiyarsu. Ki fita ki sayo madararki, ki ɗaga kai. Ɗan ƙanwata yana nan kusa da ke, zan kira shi yanzu ya zo da fenti."

Suka daɗe suna magana, har na ji suna lissafin malaman da suka rasu. Da ta ajiye, ta share ido da bayan hannu, ta dubi Bitrus.

"Kai kuma, bakinka ya yi yawa."

"Haka ake cewa, Mama."

"Ƙara burodi."

Kafin mu tashi, Kolin ya sake ɗaukar wayar ya kira Robi. Mu muka fita waje muka ba shi wuri.

Ruwan ya yi kwanaki yana dawowa. Cikin sati ciyawa ta yi kore shar, ta taso kamar ana jan ta, waya ba ta daina ƙara a gidan Kolin ba. Giram ma ya kira, ya yi maganar ciyawarsa kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Goman ƙarshe na azumi a bayan inji na yi su, amma da iska mai sanyi da abinci a tukunya. Alayyafo bai tashi ba, tumatir ya fashe saboda yawan ruwa, kuɓewa da yakuwa kuwa suka miƙe. Ranar Sallah, bayan na dawo daga idi, Bitrus ya tafi ya sayo kaza, muka tsinki yakuwar farko muka yi miya, muka kai wa Misis Dorin a kwano. Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska saboda tsami, sannan ta cinye.

Yanzu in aka sayar da ɗan wasa, kafin ya kai gida duniya ta gama zaginsa a waya, washegari an koma kan wani. A lokacin fushi a jirgi yake zuwa, yana daɗewa a hanya, in ya iso kuma sai ya zauna. Misis Dorin ta ci gaba da tara mutane ranar Lahadi, amma in kaset na sabon kulob ɗin Robi ne sai ta ce injin ya lalace.

A watan Nuwamba, bayan an gama kakar wasa a can, Robi ya zo ganin yayansa. Ina bayan gidan ina tuge busassun karan kuɓewa, ganye ya zube ko'ina, sai ga motar Kolin. Wani ƙato ya fito daga ɗaya gefen, ya fi yadda yake a talabijin girma, yana ɗan ɗingishi. Yana riƙe da furanni kamar wanda aka ba ajiyar abin da zai fashe. Ya tsaya a bakin matakala ya kasa hawa, sai da Kolin ya tura shi.

Ta buɗe ƙofa. Kanta bai kai ƙirjinsa ba. Ta daɗe tana kallonsa, ba ta karɓi furannin ba.

"Sunkuyo," ta ce.

Ya dubi Kolin, Kolin ya kau da kai. Ya sunkuyo a hankali, ya runtse ido ɗaya yana jiran mari. Ta kama haɓarsa, ta juya fuskarsa dama, ta juya hagu.

"Ka rame," ta ce. "Duk kuɗin nan nasu, ba sa ba ka abinci?"

Ta sake shi ta matsa gefe don ya wuce, sannan ta ɗaga murya ta bayan gida.

"Tijjani! Wanke hannunka ka zo ka taya ni. Wannan ba zai ƙoshi da faranti ɗaya ba."